"Inji Ya Buga" Ko Man Ne Ba Kyau? Yadda Ake Gano Tushen Ƙarar Injin A-kori-kura

A-kori-kura ta taso daga kasuwar Dawanau da buhunan masara har sun haura ƙarfen bodi. A miƙaƙƙen titi lafiya lau take tafiya. Da aka zo hawa, direba ya taka totur yana giya ta huɗu, sai wata ƙara ta taso daga gaba, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ya ɗaga ƙafa, ta yi shiru. Ya sake takawa, ta dawo. Kafin la'asar ya ji fatawa uku. Yaron motarsa ya ce man da suka sha ne. Wani abokin sana'a a tasha ya ce taimin ne, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya goce. Bakaniken da ya fara leƙawa kuwa, ko tayar da motar bai yi ba ya ce, "Alhaji, sai an sauke inji."

Kowanne cikinsu zai iya yin gaskiya, amma ba a mota ɗaya a rana ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin maganganun nasu kuwa ta kuɗi ce mai yawa: ta farko tankin mai ɗaya za ta ci, ta ƙarshe tana iya lashe ribar kaka guda.

Ruɗanin ya ƙaru tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Da mai ya yi tsada, halin masu mota ya sauya. Ana neman mai araha ko daga ina ya fito, ana jinkirta juye, ana ƙara buhu biyu uku a kan lodi don a fanshe kuɗin hanya. Duk waɗannan suna iya sa inji ƙara, sai dai kowanne da irin tasa.

Kalma ɗaya, cuta daban-daban

A gareji idan aka ce "inji ya buga", an gama magana. Ƙarfe ya ci ƙarfe, karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, ya cije ko sandar fistin ta karye, mota sai janwe. A wajen injiniyoyi da takardun da ke zuwa da mota kuwa, abin da suke kira bugu shi ne ƙonewar mai ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, alhali ƙarafan injin lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa direba zai karanta a intanet cewa bugu yana warkewa da sauya gidan mai, bakanike kuma ya rantse cewa ba ya warkewa sai da sifana. Abu biyu suke kira da suna ɗaya.

Ga yadda injin fetur yake aiki. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu. Fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu daga bakinsa zuwa gefuna kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa daga ɓangare guda, ta tura fistin ƙasa. A gudun juyi 3,000 a minti, karanshaf yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kowace silinda tana kama wuta sau 25.

Matsalar tana faruwa a can gefe, inda wutar ba ta kai ba tukuna. Ragowar cakuɗen da ke wajen yana shan matsi da zafi daga wutar da ke tahowa. In ya kasa jurewa sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, matsin ya riƙa dukan bangon silinda yana dawowa sau dubbai a daƙiƙa. Wannan ce ƙarar tsakuwa a gwangwani. Kaɗan-kaɗan ba ta kashe inji nan take, amma in ta daɗe tana ƙwaƙule kan fistin, ta karya gurbin zobba, ta ƙona gaskit.

Tana da 'yar'uwa da ta fi ta mugunta, wato kamun wuta kafin lokaci. Wani abu da ya yi ja a cikin silinda, bakin fulogi ko ɓarɓashin gawayi, shi ke kunna man tun fulogi bai ba da tartsatsi ba. Fistin yana hawa, wuta tana danna shi ƙasa. Wannan tana iya huda fistin cikin ɗan lokaci, wani zubin ma ba tare da wata ƙara ta a zo a gani ba.

Sai bugun ƙarfe, wanda shi ne abin da 'yan gareji ke tsoro. Sai ƙarar injin gas, wato dizal, wadda ke da nata hukunci. Akwai kuma ƙarar da ba daga cikin injin take ba sam, amma ta sa an sauke injuna da yawa a banza.

Lambar oktan da abin da take aunawa

Juriyar fetur ga fashewa da kansa ita ake aunawa da lambar oktan. Ba ƙarfin mai take nunawa ba, ba kuma tsabtarsa ba, haƙurinsa kawai. An gina ma'aunin a shekarun 1920 a Amurka a kan sinadarai biyu: ɗaya mai haƙuri aka ba shi 100, ɗaya mai saurin fashewa aka ba shi sifili. A Disambar 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗigon wani sinadari mai dalma yana kashe wannan ƙara. Duniya ta yi shekaru da dama tana shaƙar gubar dalma saboda wannan magani, har zuwa 2021 da aka daina sayar da irin man a Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe.

Ƙa'idar Najeriya ita ce fetur kada ya gaza 91. A nan akwai wani abu da ke rikita masu motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma da Tundra da F-150. Takardar motar za ta ce 87, mai ita ya ɗauka man Najeriya ya zarce buƙatarsa nesa. Ba haka ba ne. Amurka da wani ma'auni take lissafi, kuma 87 nata daidai yake da wajen 91 a ma'aunin da Najeriya da Turai ke amfani da shi. Kenan babu wata rara. In man ya gaza ƙa'ida da kaɗan, ko injin ya yi zafi fiye da kima, ƙara za ta fito.

Yaushe ne laifin mai?

Laifin mai ne idan an gauraya shi da abin da ba shi da haƙuri. Kananzir da man gas duk oktan ɗinsu ƙasa yake ƙwarai, don haka ko kaɗan aka zuba a fetur, injin zai yi ta ƙyar-ƙyar a hawa, ya rasa ƙarfi, ya yi hayaƙi. Jarkar ɗan bumburutu da aka ɗebo gas da ita jiya aka zuba fetur yau ta isa. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce lokaci: ƙarar ta fara ne bayan an sha mai a wani sabon wuri, ta kuma ragu da aka cika tanki da na wani wurin.

Amma ba kowane gurɓataccen mai ke kawo wannan ƙara ba. A Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai sa ido a kan harkar man fetur ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, wanda aka ɗauko daga tashar Antwerp ta Baljiyam, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka dawo gidajen mai. Mutane da yawa sun ce man ya "buga" musu inji. Abin lura shi ne metanol oktan ɗinsa ya haura 100. Ɓarnarsa ta wata hanya take bi. Yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafa a famfon mai da nozul ɗin da ke fesa shi, kuma injin da aka saita wa fetur yana samun ƙarancin mai a cakuɗensa idan metanol ya yi yawa. Haka ma cece-ku-cen da aka yi a Yulin 2024 tsakanin hukumar da matatar Dangote a kan yawan sinadarin sulfa a man gas. Sulfa tana saurin lalata baƙin mai, tana cutar da na'urorin tace hayaƙi, amma ba ita ke sa inji ƙara a hawa ba.

Sau da yawa kuma man ba ruwansa. Zafi shi ne babban abokin wannan bugu. Lagireto da laka ta toshe, fankar da ba ta ja, ruwan rijiya da ya bar farin dutse a hanyoyin ruwa, duk suna ɗaga zafin silinda, musamman a watannin Maris da Afrilu da iskar da injin ke zuƙa kanta take da zafi. Gawayin da ya taru a kan fistin yana rage wurin ƙonewa, matsi ya ƙaru. Fulogin da ba lambar motar ba ne yana iya riƙe zafi. Ƙarancin mai a cakuɗe, daga raunin famfon tanki ko toshewar nozul ko ƙurar hunturu da ta lulluɓe na'urar auna iska, shi ma yana sa wuta ta yi zafi fiye da kima. Ga kuma halin tuƙi: lodi ya wuce kima, hawa ya miƙe, direba ya ƙi sauko da giya don kada mota ta sha mai. Injin yana juyi a hankali da cikakken totur, wanda shi ne yanayin da ya fi kowanne haifar da ƙarar. Kamata ya yi direban Dawanau ya fara gwada giya ta uku kafin ya zargi kowa.

Maganar taimin tana da tarihi. A zamanin Peugeot 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, da tsofaffin Hilux masu injin 22R da kafireto, bakanike yakan sassauta distiributa ya murɗa ta da hannu yana saurare. In tartsatsi ya yi gaggawa, ƙara ta fito, ya mayar baya kaɗan, ta ɗauke. Hilux mai injin 2TR-FE, lita 2.7, wadda ta cika hanyoyi tun tsakiyar shekarun 2000, ba ta da distiributar da za a murɗa. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ita ke riƙe da taimin, kuma tana da kunne, wata ƙaramar na'ura da aka ɗaure a jikin bulok, wato gangar jikin injin. Da ta ji bugu sai ƙwaƙwalwar ta jinkirta tartsatsi da kanta. Wannan yana da sakamako biyu. Mai mota zai iya shan mai mara kyau bai ji komai ba, sai dai ya ga motar ba ta ja kuma tana shan mai. In kuwa har kunnen mutum ya ji ƙarar sosai a irin wannan mota, to ko dai matsalar ta fi ƙarfin gyaran ƙwaƙwalwar, ko na'urar da wayarta ne suka samu matsala. Kwamfutar gwaji takan nuna lamba irin P0325 a kan na'urar, ko P0171 in cakuɗen ya yi ƙarancin mai.

Bugun ƙarfe

Tsakanin karanshaf da sandar fistin akwai wasu ɓawon ƙarfe masu laushi, rabi da rabi kamar ɓawon gyaɗa, waɗanda a gareji ake ce wa metal. Ba a yi su don su taɓa karanshaf ba. Akwai 'yar tazara tsakaninsu, kusan kashi 2 zuwa 6 cikin 100 na milimita, wato bai fi kaurin silin gashi ba, kuma baƙin mai da famfo ke turowa shi ke cike ta. A kan wannan siririn mai karanshaf ke shawagi. In man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya tsinke da zafi, ko yashi ya shiga cikinsa, metal ya cinye, tazara ta buɗe. Daga nan duk sanda silinda ta kama wuta, sandar fistin sai ta faɗa kan karanshaf kamar guduma.

Ƙararsa daban take. Ba ƙyar-ƙyar ba ce, ƙwan-ƙwan ce mai nauyi daga ƙasan inji, tana bin juyin inji sau da ƙafa. Ana jin ta ko mota tana tsaye in aka ɗan ba ta wuta aka saki. Tana ƙaruwa idan injin ya yi zafi, domin man ya tsinke. Ba ta san gidan mai ba. In manyan metal da ke riƙe da karanshaf a jikin bulok ne suka ci, ƙarar ta fi zurfi, dum-dum, ta fi fitowa a lokacin da motar ke jan kaya.

Ba duk ƙarar ƙarfe ce ke nufin mutuwa ba. Fistin da ya ɗan yi wasa a silinda yana ƙara da safe, ya yi shiru bayan 'yan mintuna idan ya ɗumama ya kumbura, kuma inji na iya shekaru a haka. Ƙarar bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, daga sama take, cak-cak-cak mai kaifi, kuma saurinta rabin na karanshaf ne, domin sandar da ke buɗe bawul juyi ɗaya take yi a kowane juyi biyu na karanshaf. Sarkar taimin da ta saki tana ƙara daga gaba, musamman a daƙiƙoƙin farko na tayar da mota.

Damina ma tana da nata kaso. Motar da ta kutsa kwazazzabo ta zuƙi ruwa ta bututun iska tana iya lanƙwasa sandar fistin, tunda ruwa ba ya matsuwa. Wani lokaci motar ta tashi bayan an bushe ta, a yi murna, ƙarar ta biyo baya bayan kwanaki.

Injin gas, inda lissafin ke juyawa

Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi. Iska kawai yake matsewa, ninki 15 zuwa sama da 20, har ta yi zafin da in aka fesa mai zai kama da kansa. Abin da ake gudu a injin fetur shi ake nema a nan. Don haka ma'aunin gas, wanda ake kira sitan, saurin kamawa yake aunawa. In man ya yi jinkirin kamawa, sai ya taru a silinda ya kama gaba ɗaya, a ji ƙwas. Kowane injin gas yana da ɗan wannan ƙara a jininsa, musamman da sanyin safiya, kuma tsohon injin Toyota 5L mai famfon gargajiya ya fi sababbi surutu ba tare da wata cuta ba. Sababbin irin su 2KD da 1KD, da 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, suna fesa ɗan mai kaɗan kafin babban feshi don su tausasa ƙarar.

Abin dubawa shi ne sauyi. In ƙarar ta ƙaru fiye da yadda aka saba, ta zo da farin hayaƙi ko baƙi, ko injin yana rawa a sulo, wato ba a taka totur ba, nozul ake fara zargi. Nozul da ke ɗiga maimakon feshi yana ƙara mai kama da bugun metal har ya ruɗi gwani, kuma in aka bar shi yana iya narka kan fistin. Gas da aka gauraya da fetur ko kananzir yana rage santsin da famfo da nozul ke dogara da shi, fetur kuma yana ƙara jinkirin kamawa.

Akwai wata hanya da aka sani a injin 1KD wadda ke haɗa cututtukan biyu. A ƙarƙashin kowane nozul akwai washa da ke rufe silinda. In ta fara yoyo, hayaƙi mai zafi yana kutsawa inda baƙin mai yake, ya dafa shi ya zama gawayi. Gawayin ya gangara kaskon mai ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki. Mai ya yanke wa metal, inji ya buga bugun gaske. Wanda ya sauya metal bai duba washa da rariya ba, ya gyara rauni ne ya bar wuƙar a wurin.

Gwaji kafin sifana

Bincike mai kyau da tambaya yake farawa. Yaushe ƙarar ke zuwa: da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a hawa? Me ya faru kafin ta fara: an sha mai a sabon wuri, an yi juye, an shiga ruwa, allurar zafi ta taɓa hawa? Amsoshin nan kaɗai sukan raba rabin gardama.

Daga nan sai sandar gwada baƙin mai. In ya yi ƙasa, an samu zare. In ya haura alama kuma yana warin gas ko fetur, mai yana zubowa ciki yana tsinka shi. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A tsiyaye man a faranti mai tsabta a fita da shi rana. Ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya ko jan ƙarfe yana nufin metal ya fara ci. Wasu kan yanka filta su buɗe takardar ciki, nan ɓarɓashin ke maƙalewa.

Fitilar baƙin mai da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, domin ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa. Gwajin gaskiya shi ne a cire na'urarta a ɗaura geji a wurin, a auna bayan injin ya yi zafi sosai, a sulo da kuma a gudu, a gwada da abin da littafin motar ya ce.

Sai kunne. Dogon sukundireba, baki a jikin inji, ƙota a kunne, yana nuna ko ƙarar daga murfin bawul take ko daga ƙasan bulok. A cire fambel a tayar da motar na ɗan lokaci kaɗan. In ƙarar ta ɗauke, to daga famfon ruwa take ko janareton caji ko fuli, ba daga ciki ba. A duba notin fulin karanshaf, da robobin da inji ke zaune a kai, da faranti mai kare zafin salansa. A mota mai giya otomatik, farantin da ke haɗa inji da giya in ya tsage yana ƙara sak irin ta metal. Yoyon hayaƙi a bakin salansa kuma yana kwaikwayon ƙarar bawul da safe.

Gwajin da ya fi yanke hukunci shi ne kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar zare wayar nozul ko ta kwayil yayin da injin ke aiki. In aka kashe ta uku ƙarar ta ragu sosai, to cutar tana ta uku. A injin fetur wannan yakan nuna metal. A injin gas bai raba gardama ba tukuna, domin nozul mara lafiya ma zai yi shiru in an kashe shi. Sai an auna man da kowane nozul ke mayarwa tanki, ko a karanta a kwamfuta yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa kowanne. A tsohon injin gas an saba sassauta notin bututun nozul don wannan gwaji. A sababbin injuna masu bututun haɗaka, wato bututu ɗaya mai raba wa dukan nozul mai, wannan ganganci ne: matsin man ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, yana huda fata kamar allura, kuma irin raunin na iya kai wa ga yanke yatsa.

In duk alamun sun nuna ƙasa, akwai mataki ɗaya kafin sauke inji, wato a kwance kaskon mai a ga rariya da metal da ido. A wasu motocin sai an ɗan ɗaga inji ko an kwance wani abu kafin kaskon ya fita, amma duk da haka bai kai kuɗin sauke inji ba.

Inda masu gyara suka saɓa

Saɓani na farko a kan baƙin mai mai kauri ne. Masu goyon bayansa suna cewa zafin arewa da tsufan injuna suna buƙatar irin 20W-50, kuma da an zuba ƙara ke raguwa. Suna da hujja a tsohon injin da tazararsa ta riga ta buɗe. Masu adawa suna cewa sababbin injuna hanyoyin mansu ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, yana kuma takura na'urar da ke sarrafa lokacin buɗe bawul. Abin da ɓangarorin biyu ba sa musu a kai shi ne kauri ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Yana rage ƙara ne kawai, shi ya sa mai sayen tsohuwar mota yake da dalilin duba irin man da ke ciki, ya kuma saurare ta bayan ta yi tafiya mai nisa.

Na biyu shi ne cire tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, al'adar da ta zama ruwan dare ga motocin da aka shigo da su. Masu cirewa suna cewa don ƙasar sanyi aka yi shi, kuma in ya maƙale a rufe yana dafa inji. Kashi na biyun gaskiya ne. Amma an ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 80 zuwa 95. In ya daɗe bai kai ba, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da zuba mai da yawa, rarar tana wanke bangon silinda tana gangarawa cikin baƙin mai, gawayi yana taruwa. Ta nan maganin zafi yake komawa sanadin bugu iri biyun.

Na uku tsakanin kunne da kwamfuta ne. Tsofaffin hannu suna cewa na'ura ba ta jin metal, kuma haka ne: injin da sandarsa ke shirin fita ta gefen bulok zai iya nuna babu lambar matsala ko ɗaya. Matasa masu kwamfuta suna cewa kunne ba ya ganin yadda ƙwaƙwalwa ke jinkirta tartsatsi ko yadda nozul ɗaya ya kauce, shi ma haka ne. Kuskuren da ake yawan yi a ɓangarensu shi ne ɗaukar lamba a matsayin hukunci. Lambar da ta ambaci na'urar jin bugu tana iya nufin ɓera ne ya ci waya.

Masu mayar da mota amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ke ƙarfafawa tun 2023, suna da nasu lissafi. Iskar tana da oktan sama da na fetur, don haka ƙarar tsakuwa takan ragu. Amma busasshiya ce, kuma a injin da ba don ita aka ƙera shi ba mazaunin bawul na iya cinyewa da wuri, don haka ana buƙatar duba tazarar bawul a kai a kai.

Abin da ke jiran aljihun mai mota

Ga wanda a-kori-kura ce gonarsa, tambayar ita ce ko zai ƙarasa da kayan ko ya tsaya. In ƙyar-ƙyar ce mai zuwa a hawa kawai, allurar zafi tana daidai, fitilar mai ba ta kama ba, zai iya sauko da giya, ya sassauta ƙafa, ya lallaɓa zuwa gari. In ƙwan-ƙwan ce daga ƙasa, ko fitilar mai ta yi ko da ƙyaftawa ne, kowace kilomita tana ƙara kuɗin gyara. A farkon lamari metal kaɗai za a sauya. In aka matsa, karanshaf ya ƙarje, sai an kai shi wajen masu injin gurza ƙarfe su rage shi da 0.25 ko 0.50 na milimita, wanda a gareji ake kira ten da twanti, a sa metal mai kaurin da ya dace. In aka ƙara matsawa, sanda ta fasa bulok, babu sauran abin gurzawa.

A nan ne ake zaɓi tsakanin gyara da sayen injin Baljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Gyara yana da arha idan bulok da karanshaf suna da sauran rai, amma ingancinsa yana hannun mai aunawa da mai wankewa, domin ɓarɓashin da aka bari a hanyoyin mai zai cinye sabon metal cikin makonni. Injin Baljiyam yana mayar da mota hanya da wuri, sai dai farashinsa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 ya yi tashin gwauron zabi. Ba a kuma san tarihinsa ba. Masu sayen da suka saba sukan nemi a buɗe musu murfin bawul da kaskon mai a gabansu, su kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin su biya.

Ko wanne aka zaɓa, sabon injin zai gaji lagireton tsohon, da tankinsa, da bututun iskarsa. In ɗayansu ne ya kashe na farko, yana nan yana jira.